Hannun Da Na Ɓoye Masa

"Ki faɗa min gaskiya kawai. Bai yi miki ba, ko?"

Yana tsaye a bakin ƙofar ɗakinmu da jakar kayan aikinsa a kafaɗa, ko takalmi bai cire ba. Ni kuwa ina zaune a gefen gado ina sake ninke wankin da na riga na ninke tun safe.

"Wa ya ce bai yi min ba?"

"Teburin ne ya faɗa min. Ƙura ta kwanta a kansa, jiya har rubutu na yi da yatsa."

"Haba Injiniya..."

"Bar ni da Injiniyan nan yau. Kwana goma sha ɗaya da na gama shi, ko sau ɗaya ban gan ki zaune a wurin ba."

Na sunkuyar da kai. Da akwai ƙaryar da ta rage min da na yi, amma duk na cinye su. Na ce ciwon kai, na ce zare ya ƙare, na ce fentin bai gama bushewa ba. Fentin da ya bushe tun kafin in fara ƙaryar.

Mijina mai gyaran wuta ne, daga jan waya a sabon gini har gyaran fanka da soket. Ni na laƙa masa Injiniya tun muna zance, don yadda yake bayani a kan kwan fitila sai ka rantse shi ya ƙirƙiro wutar. Watanmu bakwai da aure, muna zaune a gida mai ɗaki biyu da falo tare da mahaifiyarsa, Umma. Ni kuma sana'ata ɗinkin jakunkunan mata da ƙananan jakunkunan kuɗi, na fata, da hannu nake yi tun daga yanka har ɗinki.

Tun da na tare, a cikin ɗaki nake aikina. Sai ya fita, in tura ƙofa, in ɗora faranti a cinya in duƙufa. Bayana ya fara ciwo, gado kuma ya zama gidan allura. Ranar da Injiniya ya dawo a gajiye ya zauna a kan basilla, tsallen da ya yi ko ɗan wasan ƙwallo sai haka. Yana shafa wurin yana cewa, "Wallahi ko don lafiyata sai na yi miki wurin aiki a gidan nan."

Na ɗauka wasa ne. Ashe mutumin da gaske yake.

Asabar uku ya ɓata a kai. Ba mu da halin sayen sabon teburi, don haka ya roƙi wata tsohuwar ƙofar katako da aka cire a wani gida da ya je ja wa waya. Ya kankare ta har hannunsa ya yi kanta, ya shafe ta da fenti ruwan ƙasa. Katakon da ya samu na ƙafa guda ɗaya ne tal, sai ya yi dabara, ya kafe ƙofar a kusurwar falo, bango biyu suka riƙe ta da ƙarafa, ƙafa ɗayan ta tallabi ragowar. Ya wanke gwangwanayen madara ya yi musu fenti shuɗi don zuba almakashi da basilla. Ya jera kwalabe na maɓallai da zobban ƙarfe. Ya buga ƙusoshi a wani allo na rataye zare, ya samo guntun dutsen daɓe da zan riƙa huda fata a kai. Fitilar kuwa daga wuyan wata matacciyar fanka ya haɗa ta, tana lanƙwasawa duk inda ake so.

Ranar da ya gama, ya rufe min ido da tafin hannunsa ya jawo ni falo.

"Buɗe, amaryata. Ga kamfaninki."

Ya zaunar da ni a kan kujerar da ya ajiye gaban teburin, ya kunna fitilar yana ta murmushi.

"Kin ga inda na sa ta? Ta hagu. Ƙa'ida ce, haske ta hagu yake zuwa don kar hannun da ke aiki ya yi inuwa. Bangon ma na bar shi ta hagu, damanki a sake yake, ki ja zare yadda kike so. Kuma a falo na yi, ki riƙa aiki kina hira da Umma, ki huta da kulle kanki a ɗaki kamar mai takaba."

Na ce na gode, har da hawaye. Ya ɗauka na farin ciki ne zalla.

Ni bahaguwa ce. Abin da ban taɓa faɗa masa ba ke nan.

Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, ƙanwar babana ce ta riƙe ni, Gwaggo. Ba muguwa ba ce, Allah ya sani, a wurinta gyara take yi. Da ɗankwali take ɗaure min hannun hagu a ƙugu in za a ci abinci ko in zan yi rubutu. In na manta na miƙa abu da shi, bayan ludayi ne zai tuna min. "Hannun wanke najasa ne za ki miƙo wa mutane?" Haka take cewa, ko a gaban baƙi. Kafin in shekara goma na iya ci da dama, rubutu da dama, gaisuwa da dama. Allura da wuƙa ne kawai suka ƙi. In na riƙe su da dama, sai ka ce hannun aro.

Don haka na koyi ɓoyo. A gidanmu ɗakin ajiya nake shiga in rufe in yi ɗinkina. Jaka ta fito da kyau, kowa ya yaba, ba mai tambayar wane hannu ya yi. Ana saura kwana biyu biki Gwaggo ta kira ni gefe ta ce, "Kar ki je gidan mutane ki nuna musu hannun nan, a ce ba mu ba ki tarbiyya ba." Na ce to. Na ɗauki wannan "to" ɗin na shiga da ita gidan miji tare da akwatunana.

Kuma ba a banza na ci gaba da jin tsoro ba. A makonmu na biyu wata maƙwabciya ta miƙo wa Umma canji da hagu don damanta na riƙe da goyo. Umma ba ta karɓa ba, kallonta kawai ta yi har matar ta sauya hannu tana ba da haƙuri. Ina tsaye a wurin, na ji hannuna na hagu ya yi sanyi kamar ni na yi laifin.

Na gwada teburin, kar a ce ban gwada ba. Washegarin gama shi na zauna, Umma na gefe da rediyonta, na ɗauki wuƙa da dama. Na lalata fata mai kyau, na haɗa da babban yatsana. Da Umma ta shiga wanka na yi wuf na sauya hannu. Jan zaren farko gwiwar hannuna ta daki bango, inuwar hannuna kuma ta kwanta daidai kan layin ɗinkin, ba na ganin komai. Wurin da aka gina da ƙauna, an gina shi ne don wata macen da ba ni ba. Na tattara na koma ɗaki na tura ƙofa.

"Ina magana kin yi shiru," in ji shi, ya dawo da ni daga tunani.

"Ba abin da kake zato ba ne..."

"To mene ne? Na san ba irin wanda kike nuna min a waya ba ne, mai farin teburi da durowa. Na san tsohuwar ƙofa ce." Ya sauke jakar daga kafaɗarsa. "Na ji ku Larabar da ta wuce, ke da ƙawarki."

Ƙawata ta zo ranar, ta zagaya teburin ta gano ramin makullin da ya toshe da katako, ta fashe da dariya tana cewa, "Ke, ashe a kan ƙofar banɗakin mutane za ki buɗe kamfanin?" Ni kuma, don kar ta ce in zauna in nuna mata yadda nake aiki a kai, na taya ta dariyar. Har da tafawa. Ban san ya dawo ɗaukar wani abu yana tsakar gida ba.

"Ba ƙofar banɗaki ba ce," ya ce a hankali. "Ta ɗakin karatu ce. Na zaɓa."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na buɗe baki, maganar ta zo har maƙogwaro, muryar Gwaggo ta danne ta.

"Shi ke nan. Ranar Asabar zan cire shi. In Allah ya hore, wata rana na saya miki na gaske."

Ya fita wanka ya bar ni da wankin da na ninke sau uku.

Kwana biyun da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Yana gaishe ni, ina gaishe shi, kamar maƙwabtan haya. Mutumin da ba ya iya cin abinci sai ya ba ni labarin duk soket ɗin da ya gyara a yini, ya koma ci uku ya ture kwano. In zai wuce ta falo sai ya kawar da kai daga kusurwar. Abin da ya fi cina shi ne ba fushi yake yi da ni ba. Kunya yake ji, kunyar talaucinsa, alhali ni ce mai abin kunyar.

Ranar Juma'a ina wanke-wanke Umma ta tsaya a kaina.

"'Yar nan, me ke tsakaninki da mijinki?"

"Ba komai, Umma."

"Ba komai ne ya hana shi cin abinci? Ni na haife shi. Tun yana yaro in ya yi abu da hannunsa aka raina, ciwo yake zame masa." Ta gyara mayafinta. "Ban ce dole ki so teburi ba. Amma wanda ya ba ka abin da yake da shi, ai bai rage komai ba."

Ta wuce. Na tsaya da kwano a hannu, ruwa na zuba, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Yanzu a idon uwar mijina na zama mai raina arziki. Na ɓoye abu ɗaya don kar a ce ba ni da tarbiyya, ga shi ɓoyon ya jawo min sunan da ya fi shi muni.

Asabar da hantsi na ji ƙarar kwance ƙusa daga falo. Na leƙo. Ya riga ya sauke allon zare, ya zuba gwangwanayen shuɗin nan a kwali. Umma na zaune da rediyonta a cinya, ta rage murya.

"Ina za ka kai su?" na tambaya.

"Bola. Ƙofar kuma mai kantin bakin layi ya ce yana so, zai ɗora buhuna."

Ya kwance ƙarfe na ƙarshe, ya rungumo ƙofar ya kwantar da ita a ƙasa. A bango sai ramuka shida suka rage. Ya miƙa hannu zai ciro fitilar, ita da ya kwana biyu yana haɗawa yana waƙa.

"Tsaya."

Bai juyo ba. "Bari kawai, ba sai kin lallashe ni ba."

"Na ce ka tsaya, don Allah."

Na shiga ɗaki na ɗauko fata da wuƙa da basilla da zare. Na durƙusa a gaban ƙofar da ke kwance a ƙasa, na shimfiɗa fatar a kai. Ban kalli Umma ba, don na san in na kalle ta ba zan iya ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ji masu magana, amma ba su faɗi yadda sanyin ruwan yake ba.

Na ɗauki wuƙar da hagu.

Jan farko ta zagaye bakin jakar sumul, ba gargada. Na huda, na zura zare, na fara ɗinki. Hannun ya nutsu, shi ai bai san kunya ba, aikinsa kawai ya sani. Ɗinki goma, ashirin, duk a jere kamar haƙoran mataji. Hawayena na ɗiga a kan fatar ina gogewa da gefen hannu. Sai da na kai ƙarshen layin na ajiye.

"Ni bahaguwa ce," na ce, idona a ƙasa. "Tun haihuwa. An gyara min ci da rubutu, wannan ne ya ƙi gyaruwa. Duk jakar da ka taɓa yabawa, da shi na yi ta. Teburinka ba shi da laifi, Injiniya. Ban taɓa samun kyautar da ta kai shi ba. Hannuna ne bango ya tare, fitilar kuma... inuwa take min."

Umma ta kashe rediyonta.

Ya ja kujerar ya zauna a kusurwar da babu teburi yanzu. Ya ɗaga hannunsa na hagu ya yi kamar mai jan zare. Gwiwar hannunsa ta bugi bango, ƙum. Ya sake yi, ta sake bugawa. Ya daɗe yana kallon bangon.

"Shi ya sa kike rufe ƙofa."

"Eh."

"Wata bakwai."

"Eh."

"Da shekara biyun da muka yi muna zance." Ya juyo, idonsa ya yi ja. "Na tsaya ina miki bayanin haske ta hagu, ina ta cika baki, kina kallona. Me kika ɗauke ni? Wanda zai mai da ke gida saboda hannu?"

"Ban san me na ɗauka ba. An ce kar in nuna, ban nuna ba. Kullum sai in ce gobe zan faɗa, goben ta yi ta nisa, kunyar ta yi ta girma."

"Kin bar ni kwana goma sha huɗu ina jin ni ba namiji ba ne."

"Ka yafe min, masoyina. Wallahi dariyar ranar Laraba ta fi komai ƙona min rai."

Ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Ban san ko kuka yake ba ko dariyar takaici, shi ma ina jin bai sani ba.

Saura Umma. Na ja gwiwa na juya wajenta, kaina a sunkuye, ina jiran abin da zai sauko.

"Miƙo min in gani," ta ce.

Na ɗauki fatar da hannu biyu na miƙa. Ta kai ta kusa da ido, ta bi ɗinkin da farce, ta ja shi ta ga ko zai saki. Bai saki ba.

"Ni dai ba zan yi miki ƙarya ba, 'yar nan, ba a haka aka raine mu ba. Ruwa da abinci, da dama za ki ci gaba da miƙo min."

"In sha Allahu, Umma."

"Amma wannan..." ta sake shafa ɗinkin. "Wanda ya raba hannuwan shi ya zuba albarkar inda ya ga dama. Ni wace ce da zan ce ya yi kuskuren gefe? Abin da ban ji daɗi ba, ki zauna gida ɗaya da ni kina ɓuya kamar mai satar nama. Dodo ce ni?"

"A'a, Umma."

"To share fuskarki. Kai kuma ka tashi, ka zauna kamar an dasa ka. Mai kanti ya nemi wata ƙofar."

Injiniya ya miƙe ya ƙare wa falon kallo, hankalinsa ya koma kan aiki. Teburi mai ƙafa ɗaya dole sai kusurwa, kuma kusurwar da bango zai faɗo ta dama. Ɗaya ƙofar shigowa ce, ɗaya ta kicin. Ya juya ga ta ƙarshe, ya sosa ƙeya.

Nan kujerar Umma take, gindin taga. Tun kafin a haife shi a nan take zama, har daɓen wurin ya lotsa da sawun ƙafafun kujerar. Daga nan take ganin mai shiga da mai fita, a nan mahaifinsa yake samunta in ya dawo, lokacin yana raye.

"A'a," na yi saurin cewa. "A bar shi, zan riƙa yi a ƙasa. Wallahi ƙasan ma ta ishe ni."

Umma ta dube ni, ta dubi ɗanta, ta dubi tagar. Ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar, ta ajiye rediyon a hannuna. Da kanta ta kama kujerar ta fara ja, tana ƙara a kan daɓe.

"Umma, bari in..."

"Matsa min. Da ma iskar tagar nan ta fara sa min ciwon kafaɗa."

Ƙarya take yi, mu uku duk mun sani. Ta kai kujerar kusurwar da ramuka shida suke, ta zauna, ta karɓi rediyonta, ta gyara zaninta kamar a nan aka haife ta. Kukan da nake dannewa ya ƙwace min gaba ɗaya.

"In kin gama, zo ki zauna a auna," in ji Injiniya. Muryarsa ta dishe, amma na ji tsokanar ta fara dawowa. "Wancan karon da kaina na yanke komai, na ga sakamako. Yau ke za ki nuna tsayin da kike so, da inda fitila za ta zauna."

Na zauna a kan kujerar aikin, ina fuskantar bango, taga a damana. Ya ciro fensir daga bayan kunnensa ya miƙo min. Na miƙa hannun dama, yadda na saba shekara ashirin.

Ya janye fensirin.

"Ba wannan ba, amaryata."

Na saci kallon Umma. Ta kunna rediyonta tana ta murɗa neman tasha, kamar ba ta cikin ɗakin. Ya durƙusa a gabana, ya kamo hannuna na hagu daga cikin mayafi inda na cusa shi, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya sa fensirin a ciki ya rufe da nasa hannun.

"Ja layinki," ya ce. "Duk inda kika ja, nan zan huda."

Na ja layin a bangon Umma, a gabanta, ƙofar falo a buɗe.